Shebur, Wuta da Ruwa: Gwanintar Mai Wutar Jirgin Kwal

Babu layin dogo a Dakoro, ba a kuma taɓa haƙar kwal a can ba. Gari ne na gero da wake da kasuwar dabbobi, sama da kilomita ɗari arewa da Maradi, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta soma. Amma duk wanda ya bi sawun dukiyar wannan yanki a zamanin Turawa, sawun zai kai shi bakin dogo. Shanun da ake korowa daga kwarin Tarka su tsallaka iyaka, da fatun jar akuyar Maradi, da gyadar da aka auna a Maradi da Tasawa, kaso mai yawa daga cikinsu a Kano ko Ƙauran Namoda suke hawa tarago su nufi Legas. Abin da ke jan taragun nan wuta ce, wutar kuma ta kwal ɗin Inugu ce, wanda aka haƙo daga ƙarƙashin tsaunukan ƙasar Ibo.

In ana hirar wancan zamani, sunayen da ke fitowa sanannu ne. Za a ambaci Alhassan Ɗantata da dalar gyadar Kano, a ambaci alhazan Maradi da kamfanonin Turawa, a ƙarshe a ambaci direban jirgi, wanda yara ke ɗaga wa hannu in ya zo wucewa. Mutumin da ke tsaye gefen direban, baƙi ƙirin da ƙurar kwal, shebur a hannu, ba a cika tuna shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Direba ba ya da abin da zai tuƙa sai tururin da mai wuta ya tara masa, kuma tara tururin nan sana'a ce mai zurfi, wadda ta fi ƙarfin ƙwanji kawai.

A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da inda garin Inugu yake yanzu. Jirgi ya iso Kano a 1911, a lokacin kwal ɗin da yake ci daga Birtaniya ake kawo shi ta teku. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai kawo shi ya yi wuya, Turawa suka ƙara azama. An fara haƙa a 1915, a 1916 kuma dogo ya haɗa ma'adinan da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Da farko ta ruwa ake zagayawa da kwal ɗin zuwa Legas, sannan ya hau layin yamma. Daga baya layin gabas ya ratsa Makurdi da Kafanchan ya haɗu da na Kaduna, aka kai reshe Ƙauran Namoda a 1929, aka kai wani Nguru a 1930, gadar Binuwai ta Makurdi ta buɗe a 1932. Ke nan duk shebur ɗin kwal da aka jefa a wuta a Ƙauran Namoda ya yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ya iso hannun mai wuta. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin yadda hukumar reluwe ke sa ido kan ɓarnar kwal ba.

Shi kuwa kwal ɗin Inugu yana da hali nasa. Bai kai na Wales ƙarfi ba. Yana kamawa da wuri, yana ci da dogon harshe, in ya daɗe a tsibe cikin rana da ruwa sai ya marmashe ya zama gari. Saboda haka ne jiragen da kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera wa Nijeriya a 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar, aka yi musu faffaɗan murhu da zai iya cin irin wannan kwal. Faɗin murhu sauƙi ne ga wuta, aiki ne ga mai shebur, don dole kowane lungu ya samu rabonsa.

Sai an san yadda kan jirgin yake numfashi sannan a gane aikin. Murhu akwatin ƙarfe ne, ƙasansa raga ce ta sandunan ƙarfe da iska ke shigowa ta tsakaninsu, ruwa kuma ya kewaye shi gefe da gefe har sama. Daga murhu zafi ke bin ɗimbin bututai da suka ratsa tsakiyar tukunya, ya fita gaba. Tururin da ya gama tura fistin ba a barinsa ya watse haka nan, ana harba shi sama ta bututun hayaƙi, harbin nan ne ke zuƙo iska ta ƙarƙashin garwashi. Wato kowane "fuf" da aka ji jirgi ya yi, zuga ce ɗaya. Maƙerin kasuwar Dakoro zai gane wannan nan take, don shi ma ya san wuta ba ta rayuwa da gawayi kaɗai, sai da zuga-zugi. Bambancin shi ne a jirgi mai zugar ba yaron maƙera ba ne, nauyin kaya ne da tudun hanya. In jirgi na fama da hawa, zugar takan yi ƙarfi har ta nemi ɗauke garwashin. In ya tsaya a tasha, zugar ta mutu, sai mai wuta ya buɗe ɗan famfon tururi da ke riƙe iskar don kada harshen wuta ya dawo musu ciki.

Dokar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce kaɗan-kaɗan, akai-akai. Rago yakan lafta kwal da yawa don ya samu ya zauna, sai wutar ta shaƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, allurar agogon tururi ta fara sauka. Gwani yakan jefa 'yan shebur kaɗan, ya dakata, ya sake jefawa. Kuma ba jefawa kawai ba. Ƙofar murhun ƙarama ce, jirgi na tangaɗi, ƙasan da yake takawa faranti biyu ne, na kan jirgi da na taragon kwal, kowane na rawarsa dabam. A haka zai kafa ƙafa ɗaya, ya juya a kan ɗaya, ya ɗebo daga baya, ya kawo shebur bakin ƙofa. In kusurwar gaba yake nufi, sai ya sake shi da ƙarfi kwal ɗin ya tashi ya sauka can nesa. In kusurwoyin baya ne, waɗanda ke ɓoye dama da hagun ƙofa inda ido ba ya gani, sai ya bugi gindin shebur a leɓen ƙofar ya murɗa wuyan hannu, kwal ɗin ya karkata ya zube inda ake so. Gefe-gefe da kusurwoyi su ne ake fara ciyarwa, tsakiya takan samu nata da girgizar jirgi. In aka bar rami a shimfiɗar garwashin, iska mai sanyi za ta bi ta nan ta bugi bututai, tururi ya ragu, ƙarfe ya yi ta miƙewa yana tsukewa har ya soma yoyo. In aka bar tudu, ƙasansa ba zai samu iska ba, sai ya daskare.

To ta yaya mutum ke ganin rami ko tudu a cikin wutar da ta yi fari fat, wadda ba a iya ƙura mata ido? Nan ne wata dabara take, wadda nake ganin ta fi kowace kyau a sana'ar. Mai wuta yakan kifa bakin shebur a ƙofar murhu ya ɗan karkata shi. Iskar da ke rugawa ciki sai ta bi ƙarfen ta kore harshen wuta gefe, wani yanki na garwashin ya bayyana na ɗan ƙiftawar ido. Ya juya shebur, wani yankin ya bayyana. Cikin daƙiƙu kaɗan ya gama karanta murhun duka, inda ya yi duhu, inda ya yi haske fiye da kima. Sauran bayanin kuma a sama yake. Bayan kowane zubi yakan leƙa bututun hayaƙi. Hayaƙi mai ruwan toka da ke washewa nan da nan shi ake so. Baƙi mai kauri yana nufin kwal ya fi iska yawa, dukiya ce ke tashi sama ba ta ƙone ba. In kuma babu hayaƙi ko kaɗan alhali jirgi na ja, iska ta yi yawa, wutar ta yi siriri.

Da yake kwal ɗin Inugu mai gari ne, akwai ƙarin aiki. Kafin a tashi, da kuma a hanya, akan fesa wa tsibin ruwa da tiyo don garin ya haɗu, in ba haka ba zugar za ta kwashe shi ta fitar ta bututu kafin ya ƙone, ga ƙura a ido. A lokacin hunturu, ciyawar gefen dogo ta bushe ƙamas, tartsatsin nan ba abin wasa ba ne ga masu gonaki da rumbuna. Manyan dunƙule kuma sai an farfasa su da guduma su koma kamar dunƙulen hannu. Sannan ga babban abokin gaba, tokar da ke narkewa ta daskare a kan raga ta zama kamar dutse, ta toshe iska. Mai wuta yana da dogayen ƙarafa na tsokana da fasawa, amma gwani ba ya yawan kai musu hannu, don ya san dama wuta ba gaira ba dalili shi ke haɗa toka da garwashi ya haifar da abin da ake gudu.

Duk wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin ruwa ne, kuma a nan rai yake. A gaban mai wuta akwai wata 'yar kwalbar gilashi a tsaye, tsawonta bai wuce taƙi ba, ruwan tukunya na hawa yana sauka a ciki. Rufin murhu dole ya kasance ƙarƙashin ruwa kullum. In ruwa ya janye daga kansa, ƙarfen zai yi ja ya yi laushi, alhali a bayansa akwai ruwan da zafinsa ya doshi digiri 200 cikin matsi mai tsanani. Shi ya sa ake dasa wasu toshe masu cikin dalma a rufin, in zafi ya wuce ƙa'ida su narke, tururi ya feso cikin murhu ya yi gargaɗi. Mai wutar da ya bari toshen nan ya narke ya ɗauki abin kunyar da zai bi shi har ya bar aiki. In kuma ya cika ruwa ya wuce kima don tsoro, ruwan zai bi tururi ya shiga silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, yana iya fasa murfin.

Abin da ke ƙara wuya shi ne kwalbar takan yi ƙarya. Tukunyar doguwa ce, a kwance. In jirgi ya fuskanci hawa, ruwa yakan gangaro baya wajen murhu, kwalba ta nuna ta cika. Da ya kai ƙololuwa ya sunkuya, sai ruwan ya ruga gaba, kwalba ta wofinta. Birki ma haka yake yi. Don haka mai wuta ba ya karanta kwalba ita kaɗai, yana haɗa ta da hanyar da ke ƙarƙashinsa. Dole ya haddace layin, ya san inda tudu ya fara da inda ya ƙare, ko da tsakar dare ne. Ɗauki hawan da ke tsakanin Kafanchan da tsaunin Jos, wanda ke kai jirgi sama da mita dubu bisa teku. Tun kafin a iso gindin hawan ya riga ya gina wutarsa ta yi kauri ta kama sosai, don kwal ɗin da aka jefa yanzu sai bayan mintuna yake ba da ƙarfinsa. Yana cikin hawan yana ciyar da wuta yana ba tukunya ruwa a hankali, don ruwa mai sanyi yana karya tururi. Gab da ƙarshen hawan kuma sai ya sassauta zubi, ya cika ruwa, saboda da zarar direba ya rufe tururi a gangara, wutar da ta yi yawa za ta sa bawul ɗin tsaro ya yi ta ƙara yana zubar da abin da aka sha wahalar tarawa. Kullum tunaninsa na gaba da jirgin da mil biyu ko uku.

Na'urar da yake ba tukunya ruwa da ita ma abin al'ajabi ce. Wani Bafaranshe, Henri Giffard, ya ƙirƙiro ta a 1858. Ba ta da wani abu mai juyawa a ciki, tururin tukunyar ne da kansa ke bi ta wasu matsattsun bututai ya ja ruwa ya cusa shi cikin tukunyar da ya fito. Sai dai tana da tsirfa, ba ta son ruwa mai ɗumi. A bazarar Arewa, in tankin ya yini a rana, takan ƙi kamawa, ta yi ta tofar da ruwa ƙasa. Mai wuta da kunne yake sanin ta kama, akwai wani siririn sauti da take yi. A cikin duk ƙarar jirgin nan, kunnensa na kan wannan sautin.

Bayan haka shi ne idon direba ta ɗaya gefen. Shi ke duba sigina a kwana, shi ke miƙa hannu ya cafke sandar izinin shiga layi a tasoshi, tunda layin guda ne, jirgi ba ya shiga wani yanki sai da sandar yankin a hannu. In damina ce ƙafafun jirgi suka zame a jiƙaƙƙen dogo, zugar takan haukace ta yage shimfiɗar wutar da ya daɗe yana gyarawa, ya koma ya ɗinke ta ba tare da ya ce wa direba uffan ba. Ba a kai wa wannan matsayi da tsalle. Yaro yakan fara da goge jirgi a shed, wato rumfar ajiye kawunan jirgi, ya yi shekaru yana shiga ƙarƙashinsa da tsumma har ya san kowane ƙarfe, sannan a ba shi shebur a jirgin jera taragu cikin tasha, sannan jirgin kaya, sannan na fasinja. Daga cikin masu wuta ake fitar da direbobi. A farkon zamanin, kujerar direba ta Turawa ce da mutanen da aka ɗauko daga tsibiran Karibiyan, 'yan ƙasa kuma ta bakin murhu suka bi suka karɓe ta.

Wanda ya san wannan aiki, in ya shiga tsohuwar tasha irin ta Zariya, ko Kafanchan, ko Minna, zai ga abin da wani ba zai gani ba. In ya tarar da babban tankin ƙarfe a bisa dogayen ƙafafu, ya san nan jirgi ke shan ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tanki da tanki a kan layi ita ce gwargwadon ƙishin jirgin, don ruwan da yake sha ya ninka nauyin kwal ɗin da yake ci sau da yawa. In ya ga dogon rami tsakanin dogo biyu kusa da shed, ramin toka ne, inda ake zubar da wuta bayan tafiya. In ya ga dakali mai tsawo gefen layi, ƙasar wurin baƙa har yau, nan ake loda kwal. In ya ga layi ya yi kusurwa uku a bayan tasha, ko wani zagayayyen rami mai gada a tsakiya, wurin juya kan jirgi ne, tunda jirgin tururi yana da gaba da baya. Ko guntun dogon da maƙeran karkara da yawa suka mayar uwar maƙera, in aka goge gefensa akan ga sunan kamfanin da ya narka shi da shekarar. Masu son ganin kan jirgin da idonsu kuma, gidan tarihi na Jos yana ajiye da kayan ƙaramin layin Bauchi, wanda ya haɗa Zariya da filayen kuza ya daina aiki a 1957, a Ebute Metta ta Legas kuma akwai gidan Jaekel da aka mayar ɗakin tarihin reluwe.

Can Inugu, inda abin ya samo asali, sunayen ramukan suna nan a bakin mutane: Ogbete, Iva Valley, Onyeama, Okpara, Ribadu. Unguwar da aka gina wa leburori har yau Coal Camp ake kiranta, ko da yake yanzu an fi saninta da kayan gyaran mota. A Iva Valley ne ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa mahaƙa wuta suka kashe 21, lamarin da ya girgiza Nijeriya daga kudu har arewa. Garin da kwal ya kafa ya jawo mutane daga ko'ina, har da fataken shanu na Arewa, kuma daga cikin waɗannan baƙi ne Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Dalar gyadar Kano ma da ake alfahari da hotonta tana da alaƙa da wannan labari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu buhuna sun yi ta taruwa ne saboda reluwe ba ta da isassun kawunan jirgi da taragun da za su kwashe su a kan kari.

Jiragen dizal sun fara shigowa a 1955, shekarar da aka kafa hukumar reluwe ta Nijeriya a matsayin kamfani. Dizal ba ya neman tanki kowace 'yar tafiya, ba ya buƙatar a tashi da asuba a hura masa wuta, mutum ɗaya ya murɗa makulli ya tashi. Kwal ɗin Inugu ya kai ƙololuwarsa a ƙarshen shekarun 1950, daga nan babban mai sayensa ya fara juya baya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da haƙa, ruwa ya cika ramuka, sana'ar ba ta sake miƙewa kamar da ba. Sabon layin da aka ƙaddamar da aikin gininsa a 2021, daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maradi, shi ne zai kawo jirgi kusa da Dakoro, kuma babu gurbin mai shebur a cikinsa.

A Nijar kuwa kwal bai zama tarihi ba tukuna. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, yana haƙa a Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, tashar lantarkinsa kuma ta fara aiki a farkon shekarun 1980 don ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan wuta, har da garin Agadas. A Salkadamna ta jihar Tawa ma akwai wani kwal ɗin a ƙasa. A Anu Araren bel ne ke kai kwal murhu, ma'aikacin kuma yana zaune gaban agoguna a ɗaki maimakon tsayuwa da shebur. Kwal ɗin wurin mai yawan toka ne ƙwarai, don haka tambayoyin da ke gabansa a kowane zama su ne ko iska ta isa, ko toka ta fara daskarewa, da kuma inda ruwa ya tsaya a tukunya.